Kurkunu a Najeriya: yanda aka ƙirga cutar da ta fi ɓarna a rumbu fiye da maƙabarta

Duk wanda ya tashi a ƙauyen da ake shan ruwan tafki kafin shekarar 2000 ba sai an yi masa bayanin kurkunu ba. Yaran yanzu kuwa in ka ce musu wai akwai wata tsutsa fara siririya kaman taliya da take huda fatar ƙafar mutum ta fito, tsawonta ya kusa mita guda, kuma sai an yi sati da satittika ana naɗe ta a jikin tsinke kafin ta gama fita, sai su ɗauka tatsuniya kake musu. Ni na gani da idona. Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, damina guda cur ya yi a kan tabarma a zaure, ƙafa ta kumbura suntum, ga tsinke ɗaure da tsumma a idon sawunsa, kullum da safe sai ya murza shi kaɗan, in ya ji tsutsar ta cije sai ya bari sai gobe, don kowa ya san in ta tsinke a ciki to an shiga uku. Bai mutu ba, bai je asibiti ba, ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Gonarsa ce dai ciyawa ta cinye, kuma shekarar gidansa tun kafin bazara suka fara awo.

To abin da nake so mu duba shine wannan: a lissafin hukuma, nawa ne nauyin abin da ya sami Kawu? Don duk rigimar auna ɓarnar cututtukan tsutsa a nan take, kuma labarin kurkunu a Najeriya daga 1988 zuwa 2013 ya nuna ta ƙarara.

Bari in ɗan taɓa yanda cutar take tukuna, saboda in ba a gane wannan ba lissafin ba zai shiga kai ba. Mutum yana shan ruwan tafki ko kududdufi, a cikin ruwan akwai wasu mitsi-mitsin ƙwari da ido da ƙyar yake gani, su ne suka haɗiye 'ya'yan tsutsar. Ƙwarin su narke a ciki, 'ya'yan tsutsar su ratsa hanji su shiga jiki su yi ta girma shiru, babu zazzaɓi babu komai, har wata 10 zuwa 14. Daga nan macen ta gangaro, yawanci ƙafa, ta tada bororo mai raɗaɗi kaman an ɗora garwashi. Me mutum zai yi? Ya tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi. Da ta ji ruwa sai ta amayar da dubban 'ya'ya, ƙwarin nan su haɗiye, shike nan an ɗaura na baɗi. Babu ƙwayar magani da take kashe ta, babu rigakafi, kuma wanda ya yi bana zai iya sake yi baɗi, jiki ba ya sabawa. A wajenmu da yawa ba su yarda daga ruwa take ba, wasu su ce jijiya ce ta mutu take fita, wasu su ce a jini take, wasu su ce sammu. Kuma ka ga laifinsu? Ruwan da ka sha bara ne yake kwantar da kai bana, wa zai haɗa wannan da wancan.

Ma'auni na farko: rajistar asibiti

Kafin ƙarshen shekarun 1980 abin da gwamnati ta sani game da kurkunu shine abin da asibitoci suka rubuta suka aika sama. Wannan kuwa ɗan tsito ne daga cikin abin da yake ƙasa. Dalilin a fili yake. Cutar ta mutanen da ba su da famfo ce, waɗanda ba su da famfo kuma su ne ba su da asibiti. Wanda ƙafarsa ta kumbura ba zai taka kilomita goma sha ya je sha-ka-tafi ba, in ma an ɗora shi a jaki an kai shi, malamin asibiti ba shi da abin ba shi sai ya wanke ya ɗaure ya ba shi maganin raɗaɗi. To mene ne amfanin zuwa? Gara a kira wanzami ya yi sakiya, ko a shafa mai a ci gaba da naɗewa a gida. Saboda haka littafin asibiti yana cewa cutar ba ta da yawa, ma'aikatar lafiya ta duba littafi ta ce ba ta cikin manyan matsaloli, kuɗi su tafi wani wajen. Ba ƙarya aka rubuta a littafin ba fa, waɗanda suka zo ɗin su aka rubuta. Kawu ne bai zo ba.

Ma'auni na biyu: mutum nawa ta kashe

Wannan shine ma'aunin da duniya ta daɗe tana amfani da shi wajen jera cututtuka, kuma a kansa kurkunu kusan sifili take ci. Da wuya ta yi kisa da kanta, sai dai in gyambon ya ruɓe ƙwayoyin cuta suka shiga jini, ko ciwon sarƙewar haƙora ya biyo ta wajen. In ka ajiye ta kusa da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ko gudawa da suke kwasar yara, ai ko kallonta ba za a yi ba.

A 1993 Bankin Duniya ya fito da wani rahoto da ya yaɗa sabon ma'auni da ake kira DALY, wanda Christopher Murray da Alan Lopez suka yi aiki a kansa. Dabarar ita ce a daina ƙirga gawa kawai, a ƙirga shekarun lafiya da aka rasa: wanda ya mutu da wuri a lissafa shekarun da ya rasa, wanda kuma yake raye da ciwo a ba wa ciwon nasa maki tsakanin sifili da ɗaya, a ninka da tsawon lokacin da ya yi yana fama. Ci gaba ne sosai, ba na musu. Amma duba yanda yake yi wa kurkunu. Mai kurkunu a matsakaicin lissafi yakan yi wajen wata biyu a nakashe, sai ya warke ya tashi. Wata biyu a cikin shekara, ɗan guntu ne. Kuma ma'aunin bai damu da wane wata biyu ba ne. Wata biyu na rani da mutum yake zaune a gindin bishiya yana saƙar igiya, da wata biyu na noman firi da maimai, duk ɗaya suke a wajensa.

A nan ne fa gizo yake saƙa. A arewa, mu da muke bakin sahel, tafkuna da damina suke cika, lokacin ake shan su, don haka shekara na zagayowa daidai damina tsutsar take fitowa. Wato cutar tana zuwa ne a makonnin da in ka rasa su ka rasa shekarar gaba ɗaya, gero ba ya jiran ƙafarka ta warke. Kuma ba mutum ɗaya take kamawa a gida ba tunda randa ɗaya ake sha, sai ka ga maigida da 'ya'yansa maza biyu duk a kwance, ita ma uwargida tana ɗingishi. Gayya ma ba ta yiwuwa don waɗanda za ka gayyato su ma suna kwance, ɗan ƙodago kuma ya yi tsada saboda masu ƙafa sun yi ƙaranci. Dogon na ƙasar Mali suna kiranta cutar rumbu wofi, kuma wallahi ban ga likitan da ya siffanta ta fiye da haka ba. A kudu abin ya sha bamban, can da rani take tashi lokacin da rafuka suka tsaya suka zama kududdufai, amma can ma tana cin karo da nasu aikin gonar.

Ma'auni na uku: gona

Wani bincike da UNICEF ta ɗauki nauyi a 1987 a yankin masu noman shinkafa na kudu maso gabashin Najeriya ya ƙiyasta cewa kurkunu tana jawo asarar shinkafa ta kusan dala miliyan 20 duk shekara a wannan yankin kaɗai. Shinkafa kawai, ba a sa doya ba, ba a sa yaran da suka bar makaranta ba, ba a sa uwar da ta kasa kai jaririnta rigakafi ba. Wannan adadin ya yi aikin da hotunan ƙafafu masu gyambo suka kasa yi, domin ministan kuɗi ba ya jin yaren raɗaɗi amma yana jin yaren dala. Daga baya a 1997 masu bincike na Bankin Duniya suka auna shirin kawar da cutar baki ɗaya suka ce ribarsa ta kai kashi 29 cikin ɗari, kuma su ma amfanin gona suka lissafa.

Ni dai ina da ɗan ƙorafi a kan wannan ma'aunin duk da amfaninsa. In da buhun shinkafa za a auna, to tsohuwar da ba ta noma da yaro ɗan shekara shida ciwonsu ba shi da farashi kenan. Amma a bar wannan.

Fita ƙirga gida-gida

A 1986 ƙiyasin da ake yawo da shi shine mutum miliyan 3.5 ne suke kamuwa duk shekara a ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Ƙiyasi ne fa, an tattara ƙananan bincike daga nan da can an ninka. A shekarar ne Cibiyar Carter ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ta shiga aikin, a shekarar ne kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin farko a kan cutar. Najeriya ta kafa nata shirin a 1988, zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana ministan lafiya, kuma abu na farko da aka yi shine abin da ya kamata a yi tun tuni: aka bar littafin asibiti aka fita ƙauye-ƙauye ana tambaya.

Abin da aka samo a wannan zagayen na 1988 zuwa 1989 ya haura mutum dubu 650 a ƙauyuka kusan dubu shida. Babu ƙasar da ta kai Najeriya a duniya. Gana da ta yi nata a 1989 ta samu wajen dubu 180, Nijar a 1991 ta samu wajen dubu 33, harda ɓangaren Damagaram da ya sha fama sosai. A namu ɓangaren, ƙasar Sakkwato da Zamfara da Kabi da Katsina da Barno duk suna cikin taswira.

Yi ɗan lissafi da kanka. Mutum dubu 650, kowa ya kwanta sati takwas, sati miliyan 5.2 kenan, in ka raba da 52 ya ba ka shekara dubu ɗari na aikin ɗan Adam da suke tafiya a banza a cikin shekara guda. Lissafina ne na kan tabarma, amma ya isa ya nuna girman abin da littafin asibiti bai gani ba.

Sai dai wannan ƙirgar ita ma tana da ramukanta. Tambayar mutane ake wa ya yi kurkunu a shekarar da ta wuce, to wani ya manta, wani ya haɗa da ta shekaran bara, wani ya ƙara don ya ji ance za a haƙa rijiyar burtsatse a garin da ya fi yawa, wani kuma ya ɓoye saboda a tarihinmu duk sanda baƙo ya zo da biro da takarda yana tambayar mutum nawa ne a gidan nan, haraji ne yake biyo baya. Rugagen Fulani da tungayen masunta kuwa wasu ko a taswira babu su. Kuma zagaye ne na shekara-shekara, kafin a tattara a buga, tsutsotsin bana sun riga sun zuba 'ya'yansu a tafki.

Shi ya sa daga farkon shekarun 1990 aka sauya salo. Kowane ƙauye mai cutar aka zaɓi mutum ɗaya ɗan garin, aka koya masa, aka ba shi littafi da bandeji da ƙyallen tace ruwa, shi zai riƙa zagayawa yana rubuta duk wanda tsutsa ta fito masa, wata-wata mai duba shi ya zo a babur ya kwashi adadin ya kai ƙaramar hukuma, daga nan jiha, daga nan tarayya. Na tuna namu, wani ɗan saurayi ne da ya gama firamare, littafin nasa a cikin leda yake ajiye shi saboda ruwa. Wata rana ya shigo zauren wani tsoho da kurkunu ta kwantar, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da jiki, yaushe ta huda?" Tsohon ya ce, "Kai yaro, rubutun naka zai fitar da ita ne?" Ya ce, "A'a Baba, amma don Allah kar a shiga tafki da ƙafar nan, in ruwa ake so ni zan ɗebo." A wannan 'yar maganar aka haɗa ƙirga da magani waje ɗaya, kuma a ganina nan ne sirrin duk shirin yake. Mai ƙirgar shine mai ɗaure gyambon, shine mai raba matata, shine mai kai rahoton tafkin da za a zuba wa Abate, maganin da yake kashe ƙwarin ruwan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai ƙa'idoji biyu na wannan littafin da suka cancanci a tsaya a kansu. Na ɗaya, mutum ake ƙirgawa ba tsutsa ba, kuma sau ɗaya a shekara. Wanda guda ɗaya ta fito masa a ƙauri ya ci gaba da ɗingishi zuwa gona, da wanda biyar suka fito masa harda gwiwa ya tashi da ƙafa a sandare har abada, duk layi ɗaya-ɗaya suke ci. Kenan littafin yana gaya maka yaɗuwar cutar, ba ya gaya maka zafinta. Masu shirin sun san da haka, sun zaɓi hakan ne saboda burinsu su kai sifili, ba su auna wahala ba. Na biyu, aka ƙirƙiro wani adadi daban, wato mutum nawa aka killace. Kafin a ce an killace mutum sai an gano shi cikin awa 24 da fitowar tsutsar, bai shiga ruwa ba, an wanke an ɗaure, kuma mai dubawa ya zo ya tabbatar cikin kwana bakwai. Amfanin wannan adadin shine yana hango maka baɗi. Tunda abin da ka ƙirga bana sakamakon ruwan bara ne, adadin masu cutar kullum tsohon labari yake ba ka, amma adadin waɗanda suka kuɓuce ba a killace ba shi yake gaya maka inda wuta za ta tashi shekara mai zuwa.

Inda lissafi ya tsaya cak

Da farko adadin ya yi ta zubewa kaman ganyen bishiya da hunturu, daga dubu ɗari shida da wani abu zuwa ƙasa da dubu 20 a tsakiyar shekarun 1990. An sa 1995 a matsayin shekarar gamawa a duniya, ba a cimma ba. Daga 1996 zuwa 1999 kuma Najeriya ta maƙale a tsakanin dubu 12 da dubu 13 da ɗoriya, shekara huɗu ba gaba ba baya. Lokacin mulkin soja ne, ƙasar tana cikin takunkumi, kuɗin tallafi sun ja baya, masu sa kai sun gaji, babura sun mutu, sannan ga ƙauyukan da suka ƙi yarda a zuba magani a tafkinsu. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A ƙarshen shekarun nan ne Janar Yakubu Gowon ya shigo, ya riƙa bin ƙauyuka da kansa yana zama da dagatai da ciyamomi da gwamnoni, kuma makaminsa wannan adadin ne na wata-wata, ya ajiye wa gwamna a gaba ya ce ga ƙananan hukumominka ga na maƙwabcinka, ina rijiyoyin da aka yi alkawari. Ba ƙaramin abu ba ne tsohon shugaban ƙasa ya san sunan ƙauyenka da yawan masu kurkunun cikinsa.

Daga nan aka sake gangarowa. A 2004 mutum 495, a 2005 mutum 120, a 2006 mutum 16 kacal. Har an fara shirin biki.

Kwatsam a farkon 2007 sai ga ɓarkewa a wani ƙauye a jihar Inugu da ba ya cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, adadin shekarar ya koma 73. Me ya faru? Tsarin ƙirgar yana kallon ƙauyukan da aka san suna da cutar ne, inda babu mai littafi kuwa shiru ake ji, shirun kuma aka fassara shi da babu. Kuskuren littafin asibiti ne ya dawo da sabuwar riga. A 2008 aka samu 38, kuma ta ƙarshe wata mata ce a wannan yankin na Inugu, a watan Nuwamba. Ita ma Nijar a 2008 ta ga nata na ƙarshe, a yankin Tillaberi.

To ta yaya za ka tabbatar da babu? Wannan ya fi ƙirga dubu 650 wuya. Sai da aka juya lissafin kansa, aka sa ladan kuɗi ga duk wanda ya kawo labarin mai kurkunu aka tabbatar, ana shela a rediyo da kasuwanni da masallatai da coci-coci, masu zagayen rigakafin shan inna suna tambaya gida-gida, kowace jita-jita a rubuta ta a je a duba cikin gaggawa. Yawanci sai a tarar da maruru ne ko wani gyambo daban. Har auna mutum nawa ne suka san da ladan ake yi, domin in mutane ba su san da shi ba to shirunsu ba hujja ba ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce aƙalla shekara uku babu ko ɗaya kuma ana sa ido da gaske, sannan tawaga ta zo daga waje ta bi ƙauyukan da ta ga dama. A Disambar 2013 aka ba Najeriya da Nijar takardar shaidar rabuwa da kurkunu, Gana ta samu tata a 2015.

Wanda yake ganin wannan tsaurin ya yi yawa ya leƙa Cadi. Sun yi wajen shekara goma ba su kawo rahoton ko mutum ɗaya ba, sai a 2010 cutar ta sake bayyana, a 2012 kuma aka gano tana fitowa a jikin karnuka a garuruwan masunta na bakin kogin Shari, ana zargin ta hanyar kayan cikin kifi da kwaɗi da suke ci. A 2019 karnukan da aka ƙirga da ita a Cadi sun kusa dubu biyu, alhali mutane 'yan gommai ne. Littafin da aka tsara don mutane dole aka buɗe masa shafin karnuka da kyanwoyi, har lada ake ba wanda ya ɗaure karensa mai tsutsa. A duniya gaba ɗaya mutum 14 aka samu a 2023, 15 a 2024, yawancinsu a Cadi da Sudan ta Kudu. Carter ya taɓa cewa burinsa kurkunu ta ƙarshe ta riga shi mutuwa, ya rasu a Disambar 2024 yana da shekara 100, ita kuma tana nan da sauran numfashi. Mu da muke da iyaka da Cadi da Kamaru ta Barno, masunta da makiyaya suna shige da fice kullum, bai kamata mu ɗauka labarin wasu ne ba.

Wadda ba ta fitowa a gani

Kurkunu duk muguntarta ta yi wa masu ƙirga adalci guda: tana nuna kanta. Yaro ɗan firamare zai gane ta, ba sai da madubin likita ba. 'Yan uwanta da suka rage mana ba haka suke ba, kuma a nan nake ganin har yanzu muna kan ma'auni na farko.

Ɗauki tsargiya, cutar tsutsar nan mai sa fitsarin jini. Najeriya ce ake lissafawa ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, wani ƙiyasi na 2009 ya ce wajen mutum miliyan 29. A garuruwan noman rani da bakin madatsun ruwa, irin su Kadawa da Bakolori, yaro ya yi fitsari da jini ba abin tada hankali ba ne a gidaje da yawa, wasu ma ɗauka suke alamar balaga ce. Don a ƙirga ta sai an je makaranta an karɓi fitsarin yara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana lokacin da ƙwai suka fi fita, a tace mililita 10, a ƙirga ƙwan a madubi, in sun kai 50 a ce ciwon mai nauyi ne. Tsutsar ciki kuma bayan gida ake ɗiba, ɗan mitsitsi da bai kai rabin ƙwayar masara ba, miligiram 41.7, a ƙirga ƙwai a ninka da 24 don a samu na giram ɗaya. Gwaji ɗaya yakan tsallake masu ɗan kaɗan, yaran da aka gwada kuma na boko ne, almajiri da yarinyar da take talla da matar da take wanki a bakin kwata ba sa cikin samfur. Ga shi a irin waɗannan tsutsotsin yawan da ke cikin mutum shine magana, 'yan tsirarun yara ne suke ɗauke da mafi yawan tsutsar gari, saboda haka in ka ce kashi kaza suna da ita ba ka faɗi wa take ci ba.

Ɓarnar tsargiyar ma a ɓoye take: ƙarancin jini, rashin girma, kasala a aji, ciwon mara ga mata, sai bayan shekaru mafitsara ko ƙoda ko hanta su lalace a rubuta wani suna daban a takardar asibiti. Lissafin DALY na farko ya ba tsargiya makin nakasa na rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kusan ba komai ba kenan. A 2005 wani mai bincike Charles King da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a kai suka ce makin ya kamata ya kasance tsakanin kashi 2 zuwa 15. Ka ga tazarar, ninki huɗu a ƙasa, ninki talatin a sama, cuta ɗaya, mutane ɗaya, kuma da wannan makin ake yanke wa za a ba kuɗi. Maganinta kuwa akwai shi, praziquantel, ana auna tsayin yaro a jikin sanda a ba shi ƙwayoyin daidai tsawonsa, a wasu jihohin ana rabawa a makarantu. Abin da ake kai wa sama a rahoto yawanci shine ƙwaya nawa aka raba da yaro nawa suka haɗiya. Wancan ɗan saurayin mai littafi a leda ya san sunan kowane mai kurkunu a garinmu da ranar da ta huda masa. Yaran da suke fitsarin jini a garin yau, na tambaya da na je gida da sallah, babu mai rubuta su.